Kunyar Ɗan Fari a Gaban Likitocin Soja

Na gode wa Allah a kan abin da ya ba ni da abin da ya karɓe, ko da yake bakina ne ke faɗin haka, zuciyata ba ta gama yarda ba tukuna. Sunana Kulu, ɗinki nake yi a Kende, cikin ƙasar Bagudo. Ina rubuta wannan ne saboda matan sojoji da iyayensu, musamman mutanenmu na nan gefen iyaka masu kunya kamar ta kashe su. Abin da ya same mu, kada Allah ya sa ya sami wani.

Mijina kofur ne. Ba na faɗin sunansa, Baban Nana nake ce masa, don ɗiya ɗaya Allah ya ba mu, Nana. Mutanen gari kuwa Soja suke kiransa tun yana da lafiyarsa. An tura su daji wajen yaƙi, motarsu ta taka nakiya, abokinsa da ke zaune kusa da shi ya cika nan take, shi kuma aka ɗauke shi da rauni a bayan kunnen hagu. Raunin ya warke, ya bar tabo inda gashi ba ya fitowa. Bayan wasu watanni sai ga shi an sauke mana shi a ƙofar gida, da jaka ɗaya, da leda cike da magani, da takardar sallama daga aiki. A takardar akwai wata kalma da na sha wuya kafin in iya karanta ta, wai sikizofireniya. Na kai wa wani ma'aikacin lafiya a Bagudo ya duba min. Ya sosa ƙeya, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Malama, a Hausa dai hauka za a ce."

Hauka! Mutumin da ya shigo da sallama, ya gaida kowa, ya tambayi lafiyar tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya, har ya lura an canza ƙyauren zaure? Na ce wannan takarda ƙarya take yi, kuma har gobe haka nake cewa.

Ba wai lafiya ya dawo ba, kada in yi ƙarya ni ma. A makonnin farko, in aka fara daka a maƙwabta sai ya zabura ya dafe ƙasa, zufa na keto masa. Allah ya saka wa matan unguwarmu da alheri, ba wanda ya roƙe su, suka kwashe turamensu suka koma can gindin tsamiya. Abu na biyu shi ne ya fi ɗaure min kai. Muna cikin hira sai ya ce, "Kulu, mi ke ƙonewa? Ina jin ƙaurin taya." In duba murhu, babu komai. Daga nan sai idonsa ya kafe wuri guda, yana tauna baki ba komai a ciki, hannunsa na murza gefen riga. Ko kiran duniya za ka yi ba ya ji. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya dawo, ya ce kansa na sarawa, ya kwanta. In ya farka, mutum ne garau, har ya tambayi inda muka tsaya a hirar.

Maganin da aka haɗo shi da shi kuwa ya fi ciwon muni. Wata bai cika ba harshensa ya yi nauyi, miyau na zuba, hannu na karkarwa, yana tafiya kamar an yi masa dabaibayi. Duk wata sai na ɗora shi a babur mun je Bagudo allura, ina bayansa ina riƙe da shi, mu bi layi tun safe har rana ta take tsaka. Ranar da aka yi allurar ba ya iya kai loma bakinsa, sai na ba shi. Wanda ya gan shi a wannan hali dole ya yarda da takardar. A masallaci mutane suka fara matsawa in ya shiga sahu. Ya dawo wata rana ya ce min, "Yau liman ya ce in riƙa sallata a gida, wai Allah ya ɗauke min."

Shawara kuwa mun sha ta har ta ishe mu. Wannan ya kawo rubutu, wancan ya kawo hayaƙi, aka kira masu ruƙiya suka yi ta karatu a kansa, shi kuma yana gyara musu inda suka yi tuntuɓe. Ƙanin babansa ya dage sai a kai shi wurin wani mai magani a tsallaken Benin, wanda ke sa wa marasa lafiya mari a ƙafa. Na ce masa, "Baffa, sai dai in ni za a fara ɗaurewa." Ya ce ba ni da ladabi. Na ce na ji. A cikin wannan hidima tumakina suka tafi, 'yan kunnen aurena suka bi su, daga baya keken ɗinkina mai kyau, na koma kan tsohon da ke cin zare.

A nan sai in gaya muku wace ce Inna, mahaifiyarsa, don labarin nan rabinsa nata ne. Bafulatana ce daga wajen Kurgu, shi kuma ɗan farinta ne. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu, to na Inna ya wuce na kowa. Tun da ta yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, can ya girma. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. In dole ta kama, sai ta ce "wancan" ko "yaron tsohuwa". In wani ya yabe shi a gabanta sai ta taɓe baki ta kushe shi, kowa ya yi dariya, don an san daɗi ne ya cika ta. Amma tun ranar da aka dawo da shi, kullum da safe sai na tarar da ƙwaryar fura a bakin ƙofar ɗakinmu, da nono mai kauri irin wanda ba ta kai wa kasuwa. Tana ajiyewa za ta ce wa iska, "Ga wannan, ko akwai mai so." Ba ta taɓa fashi ba.

Abin da ya jawo mana babana cikin maganar shi ne ranar da abin ya taso wa Baban Nana yana riƙe da Nana kusa da murhu. Hannunsa ya saki, yarinya ta zame, gefen hannunta ya taɓa tukunya. Ƙunar ba ta da yawa, amma labari ya riga mu isa Lolo, inda babana ke sayar da albasa da shinkafa. Washegari sai ga shi. Bai ko sha ruwa ba.

"Kulu, ni ban ba da ɗiyata ga mahaukaci ba. Yau jikata ta ƙone, gobe mi za ni ji?"

"Baba, ba hauka ba ne. Rauni ne a kansa."

"Ke kin fi likitocin gwamnati sani? To, na ba ku zuwa yankan shinkafa. In takardar ga ba ta sake ba, da kaina za ni zo in ɗauke ki, ke da yarinyar."

Baban Nana yana ɗaki, ya ji komai. Da Baba ya tafi ya kira ni, yana ta fama da harshensa kafin maganar ta fito. Ya ce, "Gaskiyarshi, ko ni ne haka zan yi. Amma ni na san ba hauka gare ni ba. Mu nemi a cire min kalmar nan, Kulu. In ko ta ƙi ciruwa, ba zan zauna ina kallo a fita da ku ta ƙofar gidan ubana ba." Na ce ya daina irin wannan magana, ba inda za ni. A lokacin ba a ko yi dashe ba, na ga kamar muna da sarari.

Wani tsohon soja a Bagudo, Saje Garba, shi ya fara nuna mana hanya, Allah ya ji ƙan mahaifansa. Ya ce ana iya neman kwamitin likitocin soja su sake zama a kan mutum, amma sai mun samo maganar wani likita daban mu riƙe a hannu. Muka kama hanyar babban asibiti a birni. Kai, asibitin nan! Makon farko kati kawai muka samu. Mako na biyu layi ya ƙare kafin a zo kanmu. Na uku aka ce likita ya tafi taro. Muna kwana a baranda tare da sauran masu jinya, muna jiƙa gari, wata mata daga Zuru tana raba mana ƙuli-ƙulinta ba ta san mu ba.

Da muka samu shiga, wata likita ce yarinya, ba za ta girme ni ba. Ita ce ta farko da ta bar shi ya yi magana har ya gama. Da na ambaci ƙaurin taya sai ta ajiye biro, ta ce in sake faɗa. Ta tashi ta taɓa tabon da yatsanta. Maganarta na nan a kaina kamar yanzu ta faɗe ta: "Ni a ganina farfaɗiya ce, irin wadda ba ta kayar da mutum, kuma raunin nan ne ya jawo ta. Sai firgicin yaƙi a kai. Amma ba zan rantse ba sai an yi gwajin ƙwaƙwalwa." Na'urar gwajin kuwa ta lalace. Muka yi ta komawa, kullum amsa ɗaya, ana jiran mai gyara. Duk da haka ta tsayar da allurar a hankali, ta ba shi wasu ƙwayoyi, ta rubuta mana ra'ayinta a takarda.

Wallahi kafin damina ta yi nisa mijina ya dawo. Miyau ya tsaya, ƙafa ta saki, ƙaurin taya ya koma sai jefi-jefi. Ya shiga fadama ya yi dashe da hannunsa, ya dawo da taɓo har gwiwa yana tsokanar Nana wai zai goga mata. Inna ta hango shi ta kan danga, ta ce, "Wancan ko dashen kirki bai iya ba," ta shige ɗaki da sauri. Na bi ta da ido, na ga tana share fuska da bakin zane. A duk jinyar nan kwanakin daɗinmu ke nan.

Muka tura wa kwamitin takardar likitarmu, sai kira ya zo daga wurinsu. Aka ce a zo da shi, kuma a zo da wanda ya san shi tun yana yaro, don a ji ko ciwon ya riga aikin soja. Ni da kakinsa na same shi. Babansa ya rasu, kakar da ta raine shi ta rasu. Baffa kuwa mai son a ɗaure shi ne, ga idonsa a kan fadamar mijina. Ba wanda ya rage sai Inna. Na same ta tana kaɗa nono, na durƙusa.

"Inna, za su tambaye ki yadda yake yana yaro. Don Allah ki faɗa musu lafiya lau yake har ya tafi soja."

"Ai kowa ya sani."

"Su ba su sani ba, Inna. Sai kin faɗa da bakinki."

"To, na ji."

Kada wani ya ce ba ta so. Saniyarta ta ƙarshe ta sa aka kora kasuwa don kuɗin mota da masauki, kuma matar da ba ta taɓa wuce Bagudo ba ta yi tafiyar yini guda a bayan mota tana amai.

Ɗakin da aka shigar da mu sanyi ƙarara, ga dogon tebur, ga likitoci uku cikin kaki, babbansu a tsakiya da furfura da tabarau. Ba mai jin Hausa a cikinsu, sai aka kawo wani saurayin soja ya yi tafinta. Suka fara da Baban Nana. Ya amsa komai tsaf, ya ba da labarin ranar da motarsu ta tashi, ya nuna tabon. Ina daga baya a kan benci, ina ta hamdala a zuci. Sai aka ce uwa ta matso. Suka jawo kujera suka ajiye ta daidai gabansa, gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Tun da Inna ta yaye shi ba ta taɓa zama kusa da shi haka ba. Ta zauna a gefen kujerar, ta juya masa kafaɗa, ta ja mayafi ta rufe baki.

Tafinta ya ce, "Mama, an ce ki faɗi sunan ɗanki."

Shiru. Aka maimaita. Ta dubi ƙasa.

"Wannan ɗanki ne?"

"Haka anka ce."

Likitocin suka dubi juna. Babban ya sake tambaya, tafinta ya juya.

"Yana yaro, yakan zauna ya yi hira da ke?"

"Ba mu taɓa hira ba."

"Ko sau ɗaya?"

"In na shigo sai shi fita."

"Yana da hankali yana yaro? Yana da ƙoƙari kamar sauran yara?"

Na rufe ido, don na san abin da ke zuwa. Da a tsakar gidanmu ne aka yi wannan tambaya, da kowa ya shirya dariya. Inna ta taɓe baki a ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Wane hankali? Wancan? Tun shina ƙarami sakarai ne, ba shi da kan gado."

Tafinta ya juya shi da Turanci kalma bayan kalma, biro uku suka hau takarda. Na miƙe tsaye, na haɗa ɗan Turancin da na tsira da shi daga sakandare, na ce al'adarmu ce, uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ku fitar da shi waje ku sake tambayarta. Ban san ko ya fita daidai ba. Babban ya ɗaga hannu, aka ce min, "Madam, ki zauna, ba ke aka tambaya ba." Baban Nana ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya dubi gefen da uwarsa take, ya sunkuyar da kai. Shi ma ba ya iya magana a kanta tana zaune. Wannan sunkuyawar ma na ga an rubuta.

Da la'asar aka kira mu aka karanta mana. Ciwon yana nan yadda aka rubuta shi tun farko. Kuma bisa shaidar mahaifiyarsa, ya samo asali tun yarinta, ba aikin soja ne ya jawo shi ba. Har da cewa ita ma uwar ba ta nuna damuwa da halin ɗanta, wataƙila abin na gida ne. Takardar likitarmu kuwa, tun da babu gwaji, ra'ayi ne kawai. Mun je a cire kalma ɗaya, muka dawo an ƙara mana wata a kai.

Ban ce likitocin nan mugaye ba ne. Sun ba mu wurin zama, ɗayarsu har ruwa ta miƙa wa Inna. Abin da suka ji suka rubuta. Amma tafintan nan, na tare shi a baranda, don Hausarsa ta gida ce, ba ta bariki ba. Na ce, "Kai ba ka san kunyar ɗan fari ba? Uwarka tana kiran sunan yayanka?" Ya ce, "Hajiya, na sani. Amma ni an ce in fassara ne, ba a ce in yi bayani ba. Kin ga ko igiya ɗaya ba ni da ita, su kuwa manya ne." Na dube shi, na rasa ko in zage shi ko in tausaya masa.

Abin da ya fi ci min rai, Inna ba ta san ta yi komai ba. A ganinta ta fita kunya a gaban manya. A tasha, da Baban Nana ya matsa can gefe, ta raɗa min, "An cire?" Na ce sai mun je gida. A mota ya jingina kai da gilashi har muka kusa Bagudo. Ya ce a hankali, "Kada ki ga laifinta. Da ta yabe ni a gabana, da na ce ba ita ba ce."

Ni dai na ga laifinta a ranar, kuma na faɗa mata. Na ce, "Inna, maganarki suka rubuta. Kin ce sakarai ne tun yana yaro, suka ce to haukan tun yana yaro ne." Ta saki ludayin da ke hannunta. Ta dube ni ta ce, "Su ba su da 'ya'yan fari ne?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ga shi zaune gabana, ta ina za ni fara?" Can kuma ta ce, "A mai da ni. A hid da shi waje, ni faɗa musu." Muka garzaya wurin Saje Garba. Ya yi ta buga waya, amsar dai ita ce an rufe maganar, sai an sake nema daga farko, sai da gwajin ƙwaƙwalwa, kuma jiran zai iya cin shekara. Shinkafa kuwa ta riga ta fara ja.

Muka koma wurin likitarmu, aka ce ta bar aiki, ta tafi ƙasar waje. Allah ya ba ta sa'a inda take, ban riƙe ta ba, amma na yi kuka a bakin ƙofar ofishin nan kamar an yi min mutuwa. Wanda ya gaje ta ya karanta takardar kwamiti, ya ce shi ba zai saɓa wa manya uku ba, a koma kan allura. Cikin mako biyu miyau ya dawo, dabaibayi ya dawo. Ranar da aka fara yanka a fadama, yana zaune a zaure yana jin waƙar masu yanka, lauje a gefensa, hannunsa ya kasa riƙe shi.

Saƙon Baba ya iso, wai in shirya, bayan kasuwar Lolo zai zo. Na aika masa cewa ba inda za ni. Baban Nana ya ji duka biyun. Ranar kasuwar ya tashi da ɗan ƙarfi, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya ce in raka shi ya saya wa Nana takalmi. Har na ji daɗi. Ya shanye furar Inna tas, abin da ya daɗe bai yi ba. A kasuwa ya zaɓi takalmi ja, ya sa aka ƙara lamba ɗaya don ta daɗe tana sawa, ya miƙo min ledar. Ya ce in jira shi a rumfar masu atamfa, zai gangara bakin ruwa ya duba kifi. Na jira har aka fara kwashe kaya.

Wani mai jirgi ya ce ya tsallakar da mutum mai farar riga da tabo a bayan kunne, ya biya kuɗinsa, ya yi godiya, ya hau tudu ya nufi cikin Benin yana jan ƙafa. Iyakar abin da muka sani ke nan har yau. Babana, wanda na yi fushi da shi kamar ba zan sake gaishe shi ba, shi ya rufe rumfarsa ya tsallaka, don yana jin Dandanci, yaren mutanen can. Ya bi ƙauyuka da masallatai da gidajen masu mari, ya dawo ya rame. Bai sake cewa in koma gida ba. Yanzu an sake yanka wata shinkafar. Ni ba mai aure ba, ba mai takaba ba. Ba ya tare da magani ko ɗaya, ƙasar kuma duk ruwa ce, in abin ya taso masa a bakin kogi babu mai riƙe shi. Wannan tunanin ba ya barina, ko ina kan keke ko ina kan sallaya.

Don haka ku ji ni, 'yan'uwa. In an sallamo muku mutum da irin wannan takarda, ku lura da ciwon da idonku, ku faɗa wa likita komai, har abin da kuke ganin shirme ne kamar ƙauri. Ku nemi gwaji ko za ku sayar da tukunyar girki. In za a shiga gaban kwamiti, kada ku kai uwa ta yi shaida a kan ɗan farinta yana zaune. Ku roƙa tun a bakin ƙofa a fitar da shi, ko ku tafi da gwaggo, ko malamin makarantarsu, ko abokin wasansa. Mutanen can ba su san kushewarmu yabo ce ba, kuma ba za su tambaya ba.

Kasuwar da ta biyo bayan ɓatansa, Inna ta ɗauki mayafi ta ce in kai ta Lolo. Muka gangara bakin ruwa inda jirage ke tsayawa, cikin buhunan albasa da jarkoki da hayaniyar masu dako. Ta tsaya ta dubi tsallake. Sai na ga ta sauke mayafin daga bakinta, ta ɗaga murya irin wadda ban san tana da ita ba.

"Umaru! Umaru!"

Shekarata nawa a gidan nan, ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Wani mai jirgi ya matso ya ce, "Inna, wa kike nema?"

Ta ce, "Ɗana. Ɗan farina, ni na haife shi. Shina da hankali, wallahi shina da hankali. Tun shina yaro ba a taɓa kawo min ƙararshi ba. Shi ka zuwa na ɗaya a makaranta. Ranar da za shi soja ya aje min sabon zane a bakin ƙofa, bai ce komai ba. In kun gane shi ku ce uwarshi ta ce shi dawo."

Tun daga ranar ba ta fashin kasuwar Lolo. Duk jirgin da ya tsaya sai ta je ta faɗa musu, tun daga sunan har ƙarshe, duk abin da likitocin nan uku suka tambaye ta. Ni kuma ina tsaye a bayanta, riƙe da hannun Nana da jan takalminta da ya fara matse ta. Masu jirgin sun haddace maganar, wasu har sukan tsayar da inji sai ta gama. Babu mai rubutawa a cikinsu.